Diyya Da Jinya Bayan An Yanke Wa Mutum Hannu Ko Ƙafa

Jawabin da aka gabatar a taron bita na masu aikin sa kai na ƙauyuka

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da ya kamata iyali su yi idan hatsari ya sa an yanke wa wani nasu hannu ko ƙafa. Mu ba lauyoyi ba ne, ba kuwa likitoci ba. Abin da za mu faɗa mun koye shi ne a bakin gadon asibiti, da ofishin 'yan sanda, da kuma zaurukan da ake zaman sulhu.

Za mu fara da labarin wani saurayi ɗan acaɓa da muka taɓa bin maganarsa. Tifa mai ɗauke da yashi ce ta buge shi, ƙafar ta ragargaje har likita ya ce dole a yanke ta a ƙasan gwiwa. Ba a yi kwana goma ba mai motar ya zo asibiti tare da dattawan unguwarsa. Ya biya kuɗin aiki da na magani, ya kuma miƙa wa iyalin kuɗi a cikin ambulan. Daga nan aka fito da takarda, saurayin ya dangwala yatsa cewa shi da danginsa ba za su ƙara neman kome ba. Kowa ya yaba wa mai motar, mu ma mun yaba masa a ranar. Kuɗin nan ya ƙare tun kafin gyambon ya warke. Da lokacin neman ƙafar roba ya yi, ba ko kwabo a gidan, babur ɗin kuma ya riga ya zama tarkace. Daga baya ne muka gano cewa motar tana da inshora mai kyau, amma ba wanda ya tambaya. Mai motar ba mugun mutum ba ne. Laifin da muka ga namu ne, domin mun zauna a wurin ba mu ce a dakata a yi lissafi ba.

To, wane lissafi ke nan? Ranar da aka yanke ƙafa, abin da iyali suke gani shi ne kuɗin asibiti. Amma wannan shi ne ƙarami a cikin kuɗin da za a kashe. Ƙafar roba ba a saye ta sau ɗaya a huta. Babban mutum yakan bukaci a canza masa bayan shekara uku zuwa biyar, yaro kuwa ya fi haka yawan canji saboda yana girma. A shekara ta fari ma dungulmin yakan yi ta raguwa, sai an sake kofin da yake shiga ciki. Ga kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi da dawowa, ga wanda zai bar gonarsa ko kasuwarsa ya yi jinya, ga sana'ar da ta tsaya. Idan mai shekara ashirin da biyar ne, ku ƙirga ƙafafu nawa zai bukata kafin ya tsufa. Kotu takan duba duk waɗannan. Akwai asarar da ake iya nunawa da rasit, kamar kuɗin magani da albashin da aka rasa, kuma wannan sai an kawo shaida dalla dalla. Akwai kuma diyyar azabar da mutum ya sha, da nakasar da zai zauna da ita, da abin da ba zai ƙara iya samu ba nan gaba. Abin lura shi ne, sau ɗaya ake yanke diyya. Ba a komawa kotu bayan shekara biyar a ce kuɗin bai isa ba.

Mun san abin da wasunmu za su ce: ƙaddara ce, an riga an yafe, kai maƙwabci kotu abin kunya ne. Ba mu zo mu hana kowa yafewa ba, kuma ba mu ce kowace magana sai ta kai gaban alƙali ba. Sulhu yana da kyau, ya fi sauri, ya fi araha. Amma mutum yana iya yafe wa direba da zuciya ɗaya, ya kuma karɓi abin da zai ciyar da 'ya'yansa. Sau da yawa ma kuɗin ba daga aljihun direban zai fito ba, daga kamfanin inshora ne wanda aka riga aka biya domin irin wannan rana.

Bari mu tsaya a kan inshorar nan, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Doka ta tilasta wa duk mai abin hawa a Nijeriya ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni a hanya. Wannan doka tsohuwa ce, tun 1945 take, kuma a 2025 aka haɗa ta cikin sabuwar dokar inshora. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga motar gida, maimakon 5,000 da ake biya a da. Direbobi da yawa suna ɗaukar takardar nan kamar ta nuna wa 'yan sanda ce kawai a shingen hanya. Ba haka ba ne. Domin wanda aka buge aka yi ta. Matsalar ita ce akwai takardun jabu da yawa da ake sayarwa a bakin ofisoshin lasin. Ana iya bincika lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID ta wayar hannu, a ga ko inshorar ta gaske ce. Idan ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin wasiƙa da wuri, a ajiye kwafi. Idan kamfanin ya yi ta ja da magana, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Idan kuwa ta jabu ce, ko babu ita gaba ɗaya, haƙƙin bai faɗi ba, yana kan direba. Yana kuma kan ubangidansa idan a bakin aikin ubangidan ne ya yi hatsarin.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Dole a nuna cewa sakacin direban ne ya jawo hatsarin. Idan wanda ya ji rauni shi ma yana da nasa laifi, misali ya bi hannun da ba nasa ba, ko yana tafiya da dare ba fitila, kotu takan rage diyyar daidai da rabonsa na laifin.

Wannan ya kawo mu ga maganar shaida. A ranar hatsari hankalin kowa yana kan ceton rai, haka kuma ya kamata. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, kuma lambar kiran jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. Amma a cikin dangi a samu mutum ɗaya wanda aikinsa takardu ne. Ya rubuta lambar motar, ya ɗauki hoton wurin da na abin hawan, ya karɓi suna da lambar wayar waɗanda suka gani da idonsu, ya tabbata an kai rahoto wurin 'yan sanda. Kowane rasit, ko na allura ɗaya ne, a sa shi cikin leda guda. A roƙi likita ya rubuta rahoto mai nuna abin da ya faru da gaɓar da kuma dalilin yanke ta. Mun ga magana mai ƙarfi ta lalace saboda rasit ɗin duka an ƙunsa ƙosai da su.

Ba a hanya kaɗai ake rasa gaɓa ba. Injin niƙa, injin casa, injin tsaga katako da wurin fasa dutse sun cinye hannuwa da yawa a yankinmu. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da tasa doka, wato dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce take gudanar da ita. Ubangida ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun, kuma ba shi da izinin cire wannan daga albashin ma'aikaci. A ƙarƙashin wannan doka ba sai an nuna laifin ubangida ba, ya isa a nuna cewa a bakin aiki abin ya faru. Har hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Dokar ta haɗa da leburan wucin gadi da ɗan koyon sana'a. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata wata, wanda kuma nakasar ta rage masa samu ana biyansa gwargwadon abin da ya ragu, ban da magani da gaɓar roba. Dokar ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa cewa ya bar wannan haƙƙi, banza ce. Mun san ƙananan masu injin da yawa ba su yi rajista ba. Duk da haka a je ofishin NSITF na jiha a tambaya, a kuma nemi shawarar lauya.

Iyayenmu, ku riƙe waɗannan kwanaki, domin lokaci ba ya jiran mai jinya. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da ubangida cikin kwana 14. Ubangida ya kai rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Game da hatsarin hanya, kowace jiha tana da wa'adinta na shigar da ƙara, a wasu jihohin shekara uku ne. Wanda ya fi tsanani shi ne idan motar gwamnati ce ko jami'in gwamnati a bakin aikinsa, domin akwai dokar da ta ba da wata uku kacal. Wata uku, mai jinya ma bai tashi daga gado ba. Saboda haka kada a ce sai ya warke tukuna a ga lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa talaka a kan ƙarar hatsari. Idan kuma lauya mai zaman kansa ne ya ce zai ɗauki rabonsa daga cikin diyyar, a rubuta kashi nawa ne tun daga farko. Wanda ya riga ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, shi ma ya kai ta a duba, domin doka tana da kariya ga wanda bai iya karatu ba.

Yanzu ga jinya. Akwai abin da dole mu faɗa ko da zai ɓata wa wasu rai. Yara da yawa da aka yanke wa hannu, ba hatsarin ne ya ci hannun ba. Karaya ce ƙarama, aka kai wurin mai ɗori ya ɗaure da kara tamau, jini ya daina gudu, hannu ya ruɓe. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko yaro yana kuka ba ya iya motsa su, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti a ranar.

Bayan an yanke, makonnin farko su ne suke nuna ko ƙafar roba za ta zauna. A koyi naɗa bandeji yadda ma'aikatan asibiti suka nuna, domin dungulmin ya yi siffa mai kyau. Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, kada kuma mutum ya wuni a zaune da gwiwa a lanƙwashe, domin gaɓar takan ƙage ta ƙi miƙewa. Idan likita ya yarda, ya riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kowace rana. A wanke wurin, a shanya shi sosai, a duba shi da madubi ko akwai ƙuraje. Mai ciwon suga ya ninka kula, har da ƙafar da ta rage. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa sukan ji zafi ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita. Wannan ba maita ba ce, ba kuwa taɓin hankali ba. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su saba da rashin gaɓar ba tukuna, kuma akwai magani da motsa jiki da suke rage shi. Asibitin ƙashi na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Enugu, duk suna da sashen ƙera gaɓar roba, haka ma wasu asibitocin koyarwa.

Ciwon zuciya kuma yakan zo bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Mun lura ba abin da yake ɗaga mutum kamar ya ga wani mai ƙafar roba ya shigo ɗakinsa da kansa, ya zauna, ya cire ta ya nuna masa. Idan kun san irin wannan mutum a yankinku, ku roƙe shi ya riƙa raka ku ziyara. Kada kuma dangi su yi saurin tura mutum bara. Dokar hana nuna bambanci ga nakasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma sa tara a kan wanda ya nuna musu bambanci. Aiki da ita yana tafiyar hawainiya, amma tana nan, ana iya kafa hujja da ita.

Idan diyya ta fito, a buɗe asusun banki da sunan mai raunin kansa, ko da mace ce, ko da yaro ne a sa amintattu biyu a kai. A fara ware kuɗin ƙafa ta biyu kafin a yi maganar jari ko rufin ɗaki. Roƙonmu ga kowane kwamitin ƙauye shi ne, kafin taro na gaba ku zaɓi mutum ɗaya mai iya rubutu wanda za a riƙa kira duk ranar da aka yi hatsari, ku kawo mana sunansa. Masu tambaya sai su ɗaga hannu.