Fijo a Gidan Tarihi, Fijo a Hanyar Ikara



Batun wannan lacca shi ne wata mota wadda mutanen Ikara da Makarfi da Kudan suka sani kamar yunwar cikinsu, watau Peugeot, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna Fijo. Ita ce ta daɗe tana kwasar rake da tumatir da barkono daga gonakin wannan yanki zuwa kasuwa. A ƙasar da aka ƙera ta kuwa, tuni aka gina mata ɗaki aka ajiye ta don 'yan baya su gani.

Wannan ɗaki yana Sosho, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa, kusa da iyakar Siwizalan. A nan kamfanin ya kafa masana'antar motoci cikin 1912, ya kuma buɗe gidan tarihinsa cikin 1988.

Ɗan Nijeriya da ya je kwas Faransa, ya so ya kai ziyara, yana iya shiga jirgin ƙasa, ko kuwa ya karɓi motar haya ya tuƙa da kansa. Za a nemi fasfo da lasin da katin banki na jingina, a ba shi mota da tanki cike, a cike kuma zai maido ta. Hannun tuƙi ba zai ba shi wahala ba, don tun ran 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar hannun hagu na Ingila ta koma dama. Abin da kan rikita baƙo shi ne dokar mararraba: inda babu alama, wanda ya fito ta dama shi ke da hanya, ko da daga lungu ya fito. A babbar hanya iyakar gudu kilomita 130 ne a awa, a cikin gari 50. Wanda ya zarce kuwa, galibi ba ɗan sanda zai tare shi balle a yi ban haƙuri. Na'ura ce za ta ɗauki lambar motar, takardar tara ta biyo shi.

To, idan ya isa gidan tarihin, abin mamaki shi ne ba motoci kaɗai zai tarar ba. Akwai zarto, da injin niƙa kofi, da na masoro, da kekuna. Dalili kuwa shi ne iyalin Peugeot da sarrafa ƙarfe suka fara cikin 1810, ba su kai ga mota ba sai 1889, ita ma mai ƙafa uku ce, da tururi take tafiya. Shekara 79 ke nan ana wasa hannu. Hatta zakin da ke goshin motar, asalinsa tambarin zarto ne, wanda aka yi wa rajista cikin 1858. Ɗalibin injiniya da ke raina maƙeran garinsu ya kamata ya daɗe a gaban wannan zarto.

Sa'an nan baƙo zai iske tsofaffin sani, watau 404 wadda ta fito cikin 1960, da 504 ta 1968, an goge su suna ƙyalli. A nan ne labarin ya komo gida. Cikin 1972 aka kafa kamfanin haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, ya soma fitar da motoci cikin 1975. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko kayan haɗin daga Liyon zuwa Kano, sa'an nan a wuce da su Kaduna. Gwamnati ta rungumi 504 ta zama motar ofis, direbobin tasha suka rungumi doguwarta, manoma kuwa suka riƙe akori-kura. Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar mutane cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000.

Ina waɗannan motoci suke ƙarewa? Mafi yawa a hannun 'yan gwangwan, a sassare su a ɗora bisa sikeli. Motar da ta fi shahara a gidan tarihi a Nijeriya ita ce Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke Legas. Ita kuwa don jinin da ya zuba aka ajiye ta, ba don aikin da ta yi ba.

Akori-kurar da ta yi shekara talatin tana jigilar rake daga Makarfi ta cancanci rumfa. Aikin bai fi ƙarfin Jami'ar Ahmadu Bello ko ƙaramar hukuma ba: a sayi guda ɗaya kafin ta ruɓe, a rubuta hanyoyin da ta bi da lodin da ta ɗauka, a kuma ɗauki maganar tsofaffin direbobi da kanikawa, waɗanda suka san yadda ake ƙara mata sifirin don ta jure kaya ninkin abin da Bafaranshe ya ƙayyade mata.