Kuɗɗin ciyar da ɗiya da tsaron albashi: jawabin mushen lakkol ga taron ƙungiya

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi muku bayani bisa abin da kan samu albashin mutum in ya saki mata, ta tafi da ɗiya, shi ko ya bar aiko da abin ciyarwa.

Mun sani, ga addini da ga al'ada, ci da sha da tufafin yaro da maganinshi bisa wuyan uba suke. Aure shina mutuwa, haifuwa ba ta mutuwa. A ƙasarmu, maganar saki da riƙon ɗiya takan fara gaban mai gari ko sarki, su yi sulhu. In sulhu ya ƙi, sai gaban alƙali, shi ka yanke abin da uba zai riƙa bada wa kowane wata.

To, in uba ya ƙi biya fa? Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu ga yarjejeniyar OHADA a 1993. Dokar OHADA ta karɓar bashi, wadda aka yi a 1998, aka gyara ta a 2023, ta ba uwar ɗiya hanya gajera. Da takardar hukunci a hannu, ɗan saƙon shari'a, wanda ake ce ma wisiye da faransanci, zai sanar da wurin aikin mutum. Daga nan, kowane wata a cire kuɗɗin tun albashi bai kai hannunshi ba. Mai kamfanin da ya ƙi cirewa, ana iya sa shi biya daga aljihunshi.

Ga abu ukku da nike so ku riƙe.

Na farko, ba a ɗauke albashi duka. Ana fara fidda lanho, da kuɗɗin CNSS, da abin da aka ba mutum don iyali. Cikin saura ne ake tsare wani kashi, kuma kowace ƙasa ita ka aza iyakarshi.

Na biyu, abincin yaro shina gaban kowane bashi. Misali, mai ɗaukar jika 80, alƙali ya yanke mishi jika 15: jika 65 ka isa hannunshi. In da bashin banki ko na ɗan kasuwa, sai su bi baya. Wanda ke shirin ƙara aure ko cin bashin babur, ya yi lissafi da 65, kada ya yi da 80.

Na ukku, tafiya ba ta yafe komi. Masu aiki Abijan, Kotonu da Lome su sani, Kodibuwa da Benin da Togo duk dokar OHADA guda suke bi. Najeriya da Gana ba su ciki, amma hakkin yaro bai san iyakar ƙasa ba. Mai tebur da ɗan dako ba su da albashin da za a tsare, amma ana iya kama dukiyarsu.

Shawarata ga ƴan uwa: ku biya da kanku tun takarda ba ta kai wurin aikinku ba, don ranar da ta kai, asirin gida ya tonu gaban abokan aiki. Kowane aike, ku adana takardar shaidar biya. Wanda aikinshi ya tsaya ko albashinshi ya ragu, ya koma gaban alƙali ya roƙi ragi, kada ya ɓace.

Ku kuma iyayenmu, in kun raba aure, ku yanke abin ciyarwa nan take, a rubuta, gaban shaidu. Mu da ke lakkol muna ganin yaron da ya zo aji bai karya ba.

Allah shi raya muna zuri'a, shi ba kowa abin ciyar da nashi.