TSAWON RAN ƊAN ADAM A DUNIYA: ABIN DA LISSAFI YA NUNA



Rai da ajali a hannun Allah suke, wannan babu musu. Amma masana suna da wani lissafi da suke kira matsakaicin tsawon rai, watau shekarun da ake sa ran jariri zai yi a duniya idan al'amuran lafiya suka tsaya yadda ya same su. A shekarar 1950 lissafin duniya baki ɗaya wajen shekara 46 ne. Zuwa 2019 ya kai wajen 73.

Kada wani ya ɗauka mutanen da ba su tsufa. Abin da yake jan lissafin ƙasa shi ne mutuwar yara. Idan mace ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ya rasu a goye, ɗaya kuma ya shekara 80, to, lissafi zai ba kowannensu 40. Saboda haka galibin ƙarin da aka samu daga ceton ƙananan yara ya fito: allurar rigakafi, da tsabtataccen ruwa, da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa. Agana, wadda ta makantar da jama'a da yawa, an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. A 1990 yara fiye da miliyan 12 ne suka rasu kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5.

To, amma annoba tana iya mai da hannun agogo baya. Mashaƙon mura na 1918, wanda ya hallaka miliyoyin mutane a duniya, ta jirgin ruwa ya sauka Ikko, sa'an nan ya bi hanyar jirgin ƙasa ya nufi Arewa. Korona ma a Ikko aka fara samunta a ƙasar nan, cikin Fabrairun 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an yi asarar rayuka kusan miliyan 15 fiye da yadda aka saba, har matsakaicin tsawon rai ya ragu da kusan shekara biyu. Amurka kanta ta sauko daga wajen 79 zuwa wajen 76. Sai a 2023 duniya ta koma wajen 73.

Ina muke a cikin wannan lissafi? A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Nijeriya a wajen shekara 54, tare da Chadi a can ƙarshen layi, alhali Japan ta haura 84. Ba korona ce ta jawo mana wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙyanda, da gudawa, da mutuwar mata wajen haihuwa, waɗanda kullum suke cinmu ba tare da an buga musu ganga ba.

Jama'a, da yawa daga cikinmu mun bar iyali a gida mun zo neman abinci. Idan za ka aika kuɗin cefane, ka tambaya ko an kai yaro rigakafi, ko uwargida tana zuwa awo, ko akwai gidan sauro a ɗaki. Wanda iyalinsa suke nan tare da shi kuwa, kada baƙunta ta hana shi kai su asibiti.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.