Yaron da Ya Ƙi Littafi Bai Ƙi Labari Ba

Laccar da aka gabatar a gaban malaman firamare da iyayen yara na Wurno da Rabah da Goronyo

  

Kowane malami a nan ya san wani yaro. Yana zama a bencin baya, an buɗe littafi sai hamma. Muna ce masa daƙiƙi. Amma ku bi shi gida bayan isha'i, ku gan shi gaban kakarsa ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi: ko sauro bai kora. Washegari zai maimaita wa abokansa labarin tsaf, har da muryar Gizo. Mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba daƙiƙi ba ne. Littafin da muka miƙa masa ne bai yi masa magana ba.

Magabatanmu a rubutun boko sun gane wannan tun da wuri. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai saboda an koya wa mutane karatu amma babu abin karantawa mai daɗi. Daga gasar aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin matashin malami ne a Midil ta Katsina. Malami ne, ya san ajin da barci ke ɗauka. Shi ya sa a Ruwan Bagaja ya haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙeta, mai karatu na ƙyalƙyala dariya yana juya shafi.

Ina so mu daɗe kan Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Ku tuna ginin littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Kowane dare Musa na ɗamara zai fita, ga Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Mai tsaronsa aku ne, ba shi da takobi, ba shi da bulala. Labari kawai yake ja masa har gari ya waye. Jama'a, wannan Musa shi ne yaronmu na bencin baya, wanda zuciyarsa ke waje. Imam ya nuna mana yadda ake riƙe shi: gajeren labari, dariya tun farko, mai wayo ya faɗa ramin da ya haƙa, wa'azi kuwa a ɓoye kamar magani cikin zuma. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma sai da ya sa musu riga da rawani kafin ya fito da su.

Wasu sun bi sawu. Ahmadu Ingawa ya ba yara jarumi a Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, abin da ake ji a dandali ya shigo aji. Haka a Amurka, da aka koka cewa littattafan koyon karatu na gundurar yara, Dakta Seuss ya rubuta labarin wata kyanwa mai hula a 1957 da kalmomi daban-daban 236 kacal, yara suka yi ta rububinsa. Dabarar ɗaya ce ko'ina.

Mu kuwa a nan gado muka tarar. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya kwanta a 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u ba ta jira matan karkara su iya Larabci ba. Ta tsara musu ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, ta tura malamai mata da ake kira jaji suka kai wa ɗalibai mata, 'Yan Taru, har ƙauyukansu. Ta je inda ɗalibi yake, da harshen da yake ji. Rabah kuma ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato kafin ya riƙe Arewa.

To, ina littafin yaron yau? Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi ya taimaka wajen haɗa baƙi da wasali cikin Hausa. Amma haɗa baƙi ƙofa ce, labari ne ɗakin. Wa ya rubuta labarin yaron da ke korar tsuntsaye a gonar shinkafa a fadamar Wurno? Ina na yarinyar da jakinta ya ɓace ranar kasuwa da lodin albasa? Ina na ɗan masunci a dam ɗin Goronyo, ko ɗan Fulani mai ƙetare gulbin Rima da shanu? Ba wanda zai zo daga Legas ya rubuta mana su. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Roƙona uku ne. Malamai, ku karanta wa aji labari da murya minti goma kullum, ku tsaya daidai inda ya fi daɗi, ku ajiye littafin inda hannun yaro zai kai. Iyaye, kada ku karɓe littafin dariya ku ce wasa ne. Masu baiwar alƙalami a cikinmu, ku rubuta shafi takwas, ku gwada shi kan yaron bencin baya. In ya yi hamma, ku gyara. In ya ce, "Malam, sai me ya faru?", to kun zama marubuta, shi kuma ya kama hanyar zama makaranci.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka.