KAREN GADIN GARKE: ABIN DA ZA MU ARA DAGA MAKIYAYAN HUNGARI



Da yawanku kukan aiko da kuɗi a saya muku tumaki da awaki a kasuwar Lahadi ta Mai'adua, a ɗaure a gida ko a ba wani ɗan uwa kiwo. Wata rana sai a wayi gari turke wayam, ragon da aka yi wata shida ana ba shi dusa da harawa ya bi dare. Ga iyaka nan kusa a Kwangwalam, dabbar da ta tsallaka kuwa da wuya a sake ganinta.

A ƙasar Hungari da ke tsakiyar Turai, makiyaya sun daɗe da ɗora wannan gadi a kan karnuka iri biyu, Komondor da Kuvasz, dukansu farare ne domin kada a ɗauke su kyarkeci cikin duhu. Komondor yakan kai kilo 50, gashinsa a tuƙe kamar igiyoyi, haƙorin kyarkeci ba ya ratsa shi da sauƙi. Kuvasz kuwa har a fadar Sarki Matthias, wanda ya mulki ƙasar daga 1458 zuwa 1490, an ajiye shi.

Ba muna cewa a ɗauko mana su ba ne. Kare mai wannan gashi ba zai kai labari a zafin bazararmu ba. Abin aro shi ne tarbiyyar. Tun kwikwiyo yana ɗan mako takwas ake kai shi cikin garke, can zai ci, can zai kwana, ba a barin yara su mai da shi abokin wasa, har ya tashi yana ganin tumakin nan danginsa ne. A Namibiya, tun 1994 ake ba makiyaya karnukan Turkiyya bisa wannan tsari, kuma ɓarnar namun daji ta ragu ƙwarai. Mu kuwa mukan saki kare ya ci a juji, yara na jifansa, sa'an nan mu ce ba ya haushi. Ai ba a kiwon kare ranar farauta.

Malamanmu sun bayyana cewa ajiye kare domin gadin dabbobi ko gona ko farauta halal ne. Sai dai kada a ruɗi kai: kare ba ya tare mai bindiga, aikinsa ya tashi mai gida idan ɓarawon akuya ko dila ya doso.

Roƙonmu ga wannan ƙungiya shi ne ta ware wani abu daga kuɗin bana, a haɗa kai da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma a yi wa karnukan ƙauyukanmu allurar rigakafin haukan kare, irin wadda ake yi a Vom, kuma a riƙa maimaitawa duk shekara. Mai aiko da kuɗin rago kuma ya ɗora na tuwon kare a kai.