Kuɗin ruwa da masu bashi a Bune

Tun 2014 dokar ƙasashen UEMOA ta hana asusun ba da rance karɓar ruwan da ya wuce kashi 24 cikin ɗari a shekara. Wato in ka ranci jika 100, kada ribar ta haura jika 24 a shekara. A Nijar, hukumar ARSM ce ke sa ido a kan irin waɗannan asusu, amma tana Yamai, Bune kuwa tana can ƙasar Gure. Mai haƙar kanwa ko mai sayar da dabino dangwala yatsa kawai take yi a takardar rance ta Faransanci, ba wanda ya karanta mata. Wannan yana ci mini rai. Muna roƙon masu bincike su zo ranar kasuwa, su duba littattafan asusu, su faɗi adadin kuɗin ruwa da Hausa da Barbarci.