Teburin Mai Shayi da Majalisar Unguwa: Abin Lura Daga Soron Ɗinki



Matasa masu ɗan jari suna yawan zuwa da burin buɗe shagon shayi da gahawa na zamani a cikin birnin Kano, wai don ya haɗa kan 'yan unguwa. A ganina, a unguwa irin Soron Ɗinki wannan wuri ya daɗe da samuwa, ƙofar gilashi ce kawai ba shi da ita.

A 1989 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ray Oldenburg, ya yi bayanin wuri na uku, wato inda ba gida ba, ba kuma wajen aiki ba, ake haɗuwa domin hira. Bakano ya san irinsa tun tuni: soro, dakalin ƙofar gida, majalisar bayan la'asar, sai teburin mai shayi.

Mu ɗan tsaya a teburin. Benci ya kewaye shi, an jera gwangwanayen madara da Bournvita, ga burodi a leda, ga tukunya a kan gawayi. Mai shayi na sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya huce. Wannan ya ce a haɗa masa mai kauri, wancan ya ce a soya masa ƙwai biyu da Indomie. Bayan isha'i rediyo na gefe, ana jin Sashen Hausa na BBC, ana gardamar Kano Pillars. A nan ake jin wa ya rasu, gidan wa aka haihu, wa ke neman yaron shago.

Abu biyu ke riƙe da wurin, kuma mai sabon shago ba ya son jin su. Wanda bai sayi komai ba ba a tashinsa. Wanda aljihunsa ya bushe kuma ana rubuta shi a littafin bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa sun koma ruwan bunu, amma ba su bar bencin ba. Shagon da sai ka biya za ka zauna, baƙi masu mota zai tara, maƙwabta su wuce ta gabansa.

Teburin ma yana da nasa aibun. Dattawa kan kira zamansa kashe wando, ko da yake fadodin shayi na samarin Damagaram da Yamai sun nuna irin wannan zama kan haifar da aikin gayya da gadin unguwa. Babban giɓin shi ne mata. Yarinyar da aka aiko da jug a gefe take tsayawa, a zuba mata ta juya.

Nan ne mai sabon shago zai iya ƙara wani abu. Ya fara da gaida mai unguwa da liman, ya bar benci a waje ga wanda hira ce ta kawo shi, ya rufe lokacin sallah. Sannan ya keɓe wa mata ɗaki mai ƙofarsa daban, mace ta riƙe shi, inda za su yi zubin adashi ko taron biki da hantsi, lokacin da bencin maza yake ba kowa.